Bayan Gida a Matsayin Magani

Hanjin ɗan Adam cike yake da bakteriya masu amfani. Idan maganin kashe ƙwayoyin cuta ya share su, sai muguwar ƙwaya Clostridioides difficile ta samu fili, ta haddasa gudawa mai iya kisa.

A 1958, likita Ben Eiseman na Amurka ya ɗura wa majinyata 4 bayan gidan masu lafiya, suka murmure. A gwajin Amsterdam na 2013, mutum 15 cikin 16 sun warke ta wannan hanya, domin baƙin bakteriyar sun sake mamaye hanjin.

Sai dai aikin asibiti ne. A 2019, wani majinyaci ya rasu a Amurka saboda bayan gidan da aka ba shi na ɗauke da ƙwaya mai bijire wa magani. Tantance mai bayarwa wajibi ne.