Saƙon Da Mabiyiya Ke Aikowa Cikin Jini

Duk wanda ya tashi a ƙasar Jahun ya san jijjiga, ya kuma san yadda take shiga gida: mai tsohon ciki ta kwana da ciwon kai da kumburin fuska, gari na wayewa ta fita hayyacinta. Tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF ke aiki a sashen haihuwa na Babban Asibitin Jahun, sai dai asibiti wadda ta iso yake ceta. Idan Kogin Haɗeja ya cika ya batse kamar yadda ya yi a 2022, wata hanyar sai da kwale-kwale. 'Yar ƙanwar mahaifiyata a hanya ta cika, da cikinta na fari, Allah Ya jiƙanta. Shi ya sa nake bibiyar wani bincike da nake ganin mu ne muka fi kowa buƙatarsa.

Ƙwayoyin halittar jikinmu suna fitar da wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani. A 1967 Peter Wolf na Ingila ya gan su a jini, ya kira su ƙura. Daga baya aka gane cewa kowace jaka tana ɗauke da furotin a bayanta, tamkar hatimin gaɓar da ta aiko ta. Mabiyiya ma tana zuba nata cikin jinin uwa tun farkon ciki, kuma bincike ya nuna suna ƙaruwa a jinin matan da wannan ciwo zai kama, tun kafin hawan jini ya bayyana.

Yaya za a karanta saƙon? Mai karatu ya san na'urar gwajin sukari, wadda Leland Clark ya aza harsashinta a 1962. Dabarar ɗaya ce. Ana liƙa wa ɗan siririn ƙarfe sinadarin da ke cafke furotin iri ɗaya tak. Idan aka ɗiga jini, jakunkunan suka maƙale, sai ƙarfin lantarkin da ke ratsa ƙarfen ya sauya, na'ura ta mayar da sauyin lamba. A 2016 masana a Boston ta Amurka suka gwada irinta a jinin masu sankarar ƙwan mace.

Har yanzu abin yana ɗakunan bincike, kuma nan ne damarmu. Sinadaran cafkewar da aka saba amfani da su ba sa jure zafi. Na'urar da aka ƙera don asibiti mai sanyi da lantarki dare da rana ba za ta kai labari a Harbo cikin watan Afrilu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa su haɗa masanan sinadarai da likitoci da ungozomomi, TETFund ta ɗauki nauyi, a gwada ta da jinin matanmu bisa yardarsu, a yanayinmu, kan farashin da manomi zai iya.

Kafin ranar ta zo, awon hawan jini da gwajin fitsari suna nan, kuma suna kama ciwon. Maigida, kai ta awo tun hanya tana biyuwa.