Tsohuwar kwamfutar shago ta zama rumbun takardun gidanmu

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Hausawa na Jazira ko na bakin Shuɗin Nilu ya san darajar takarda. Ana iya haihuwarka a nan, a haifi ubanka da kakanka a nan, amma ranar da ka je neman lambar ɗan ƙasa ko fasfo sai a ce ka kawo shaidar asalinka. Shi ya sa kowane gida yake da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da takardar jinsiyya, takardar gona, ta aure, katin rigakafin yara da littafin bashi.

Wannan hali tarihi ne ya bar mana shi. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka kafa garin da ake kira da sunansa, kudu da Sinnar. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo su a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya aikin auduga bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, suka yi aure, suka zauna. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har gobe mu ne ake fara tambaya takarda.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna mana iyakar akwatin ƙarfe. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, goggona da ke zaune a wani kambo, wato zangon ma'aikatan gona, ta fito da zanen jikinta kawai. Akwatinta ya tafi, wayar ɗanta ma an karɓe a wani shinge. Abin da ya cece ta daga baya hoton jinsiyyarta ne guda ɗaya da 'yarta da ke aure a Jidda ta taɓa ɗauka. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar, wanda ya ajiye kayansa a can sama bai iya taɓa su ba. A ƙarshen Yuni yaƙin ya iso Sinja, mu ma muka bar gida. Da muka dawo bayan watan Nuwamba, na ƙudurta cewa takardun gidanmu za su samu ma'ajiyar da ba ta jiran intanet, kuma ba ta dogara da wayar mutum ɗaya.

Sana'ata sayar da kayan waya ce, tsakanin kasuwannin Sinnar, Sinja da Damazin. A shago ina da wata kwamfutar cinya da na saya na hannu fiye da shekara goma, wadda nake tura wa mutane karatu da waƙoƙi a katin waya da ita. Ta tsira ne don matata ta cusa ta cikin buhun gero. Windows 7 ke kanta, wadda kamfanin Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Ƙwaƙwalwar aikinta giga 4, faifan ajiyarta giga 500, gefen allonta ya tsage. In ka kunna ta sai ka sha shayi ka gama kafin ta farka.

Ɗan yayata, wanda yaƙi ya tsayar da karatunsa na jami'a, shi ya dube ta ya ce, "Kawu, ai wannan ba ta mutu ba, kaya ne suka yi mata yawa. A sauke mata su, a ba ta aiki ɗaya tak, za ka sha mamaki." Aikin da yake nufi shi ne ta zauna a kusurwa tana karɓar fayil tana bayarwa ga wayoyin mutanen gida. Masu harkar suna kiran irin wannan kwamfuta sabar. Mu a gida rumbu muke ce mata, kuma sunan ya bi ta.

Ta cinya ta fi ta tebur dacewa da ƙauye, saboda wuta. In allonta a kashe yake, abin da take ci bai wuce wat 15 zuwa 20 ba, tsohuwar ta tebur kuwa tana iya cin ninki uku ko huɗu. Ƙaramin solar da muke cajin waya da shi yana ɗaukarta. Ga kuma batirin jikinta: ko ya tsufa, in yana riƙe minti ashirin ya isa a kashe ta cikin natsuwa idan wuta ta yanke. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu na daga cikin abubuwan da suka fi lalata fayil.

Babbar manhajar da muka zaɓa sunanta Debian, ɗaya daga cikin dangin Linux. Wani Ba'amurke, Ian Murdock, ya fara ta a 1993, kuma har yau 'yan sa kai ne daga ƙasashe da yawa suke kula da ita. Kyauta ce, ba lasisi, ba lambar saye. Akwai Ubuntu Server, ita ma mai kyau ce, daga Debian ɗin ma ta samo asali. Abin da ya ja mu ga Debian shi ne tana da babban fayil na faifan DVD, kusan giga 4, da ake girkawa ba tare da intanet ba. Ƙaramin fayil ɗinta ya fi saurin saukewa, amma a tsakiyar aiki zai nemi layi, a ƙauyenmu kuwa layi sai an hau tudu. Yaron ya je Sinnar ya sauke babban, Debian 12, ya rubuta shi a filashi mai giga 8 da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus. Ga mai shirin yi yanzu, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ta daina girkuwa a kan tsofaffin injuna masu bit 32, saboda haka a fara duba irin injin da ake da shi.

Kafin mu taɓa komai sai da aka yi zaman gida, kuma zaman ya fi aikin kansa wuya. Yayata ce ta kawo maganar da ta tsayar da kowa. Ta ce, "To, ku tara jinsiyyarmu, da hotunan 'ya'yanmu mata, da sunan duk wanda muke bi bashi, a abu ɗaya. Ranar da masu bindiga suka sake shigowa suka ɗauke shi fa? Kun haɗa musu kaya ke nan a ɗaure." Gaskiya ta faɗa. Wanda ya ga yadda ake binciken waya a shinge, ana neman dalilin da za a laƙa wa mutum laifi, ba zai raina wannan tsoro ba.

Amsar tana cikin girkawar kanta. Idan aka zo wurin raba faifai, Debian tana ba da zaɓin kulle shi gaba ɗaya da kalmar sirri. Wanda ya sace kwamfutar, ko ya zare faifan ya sa a wata, shirme kawai zai gani. Kullewar tana da nata farashi. Duk lokacin da aka kunna sai wani ya zo ya buga kalmar da hannu, kuma in aka manta ta, babu mai gyaran da zai buɗe, daga nan har Khartoum. Muka yarda da haka. Mutum huɗu suka haddace kalmar: ni, yayata, ɗanta, da ƙanena da ke kasuwanci a Bur Sudan. Ba a rubuta ta a ko'ina a gidan ba.

Ranar aiki mun fara da kwashe duk abin da ke kan kwamfutar zuwa wani faifai na waje, don girkawa tana share komai, ba ta barin ko hoto ɗaya. Sai yaron ya kwance bayanta. Ƙurar habub ta shekara da shekaru ta toshe fankar kamar auduga, ya share da burushin haƙori. Ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe mata kwanan wata. Idan ya mutu, kwamfuta sai ta riƙa farkawa a shekarar da ta wuce tuntuni, shafukan intanet masu tsaro su ƙi buɗe mata.

Daga nan aka soka filashi, aka kunna, ana danna maɓallin da ke fito da jerin abin da za ta tashi da shi. A yawancin Dell F12 ne, a HP kuma F9. Tambayoyin ba su da wuya: harshe, ƙasa, sunan injin, sunan mai kula da kalmar sirrinsa. Da muka zaɓi kulle faifai, sai ta shiga cika shi da rubutun banza daga farko har ƙarshe don kada a gano tsohon abin da ke ciki. Wannan kaɗai ya ci kusan awa uku, muka yi la'asar muka dawo tana nan tana yi. Wurin da ya fi muhimmanci yana kusa da ƙarshe, inda take tambayar kayan da za a ɗora. Yaron ya cire alamar da ke kan tebur mai hotuna da linzami, ya bar biyu kawai: kayan aiki na yau da kullum, da SSH, wadda ke ba shi damar sarrafa ta daga wayarsa. Nauyin da ya hana ta tafiya a da, yawancinsa na kwalliyar allo ne.

Da ta sake tashi, baƙin allo ne da farin rubutu layi biyu. Inna ta leƙo ta ce, "Yini guda kuna fama, ashe kashe ta kuka yi." Muka yi dariya. Yaron ya nuna min lissafin ƙwaƙwalwarta: daga giga 4, ko kashi ɗaya cikin goma ba ta taɓa ba.

Sauran aikin ƙanana ne amma kowanne da amfaninsa. Ya gyara layi ɗaya a fayil ɗin logind.conf don kada ta yi barci idan an rufe murfinta. Ya haɗa ta da waya da wata tsohuwar rauta, ya ba ta adireshi tsayayye. Mutane da yawa ba su san rauta tana aiki ko babu intanet ba: tana haɗa wayoyin gida da kwamfutar kamar yadda tsakar gida ke haɗa ɗakuna. Washegari muka kai ta Sinnar, muka jona ta da layin waya, ta sauko da gyare-gyaren tsaro da manhajar Samba, wadda ke sa jakunkunan fayil su bayyana a wayar kowa. Ya kuma sa wata mai suna smartctl ta duba lafiyar faifan, don faifan da ya haura shekara goma ba a ba shi amana ido rufe.

Rabon jakunkuna ma sai da aka yi shawara. Akwai ta kowa da kowa, ta hotunan suna da biki. Akwai ta takardun hukuma, wadda manya kaɗai ke buɗewa. Littafin bashin shagona yana tawa. Matan gida suka ce lissafin adashinsu ba ruwan maza da shi, aka ba su tasu da kalmarsu. Mako biyu muka yi muna ɗaukar hoton takardu a inuwar rumfa, gaba da baya, ana sa wa kowanne suna da shekara. Hoto ɗaya kamar mega 3 ne, shafi dubu bai wuce giga 3 ba. Maƙwabta suka ji labari suka fara kawo nasu, yanzu gida bakwai ke da jaka a ciki.

Rumbu ɗaya dai gobara ɗaya ke cinye shi. A nan ne zamanmu na fatake ya yi rana. Na sayi faifan waje guda biyu, su ma aka kulle su. Duk ƙarshen wata ana kwafe komai a kan ɗaya da umarnin rsync, wanda sabon abu kawai yake ƙarawa, ba ya maimaita tsoho. Ɗaya yana tafiya Bur Sudan tare da kayan ƙanena, in ya dawo a musanya da na gida. Takardun da suka fi tsada kuma an ɗaure su a fayil mai kalmar sirri an tura wa 'yar goggo a Jidda da wani ɗan uwanmu a Kano. Dangin da suka warwatsu a ƙasa uku, wanda kullum muke kuka da shi, shi ya zama mana kariya.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne jakar da ta fi kowacce girma yanzu ba ta takardu ba ce. Yaran gidanmu Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausarsu tana raguwa. Wata rana 'yata ta ajiye waya a gaban Inna ta ce ta faɗi sunayen kakanni. Inna ta fara, daga uwarta zuwa kakarta, da garuruwan da aka ce sun yada zango a hanya, da yadda ake daka fura a gidan da ta tashi, da waɗanda suka rasu a damina ba a kai ga Makka ba. Awa guda ta murya kamar mega 60 ce kawai. Yanzu muna da fiye da awa ashirin, har da tsofaffin kaset na wa'azi da na biki da muka juye kafin zafi ya narkar da su.

Ba ma barin ta a kunne dare da rana. Bayan la'asar ake buɗe murfi, a buga kalma, a rufe, a ɗora ta kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Bayan isha a kashe. Sau ɗaya a wata tana zuwa gari ta karɓi gyara. Abin da na kashe duka, faifai biyu ne da filashi da ɗan batiri.

'Yan uwa da ke Kosti, Gadarif, Njamena ko Agadas, na san da yawanku akwai irin wannan kwamfuta a ƙasan kanta, ƙura ta rufe ta, kuma a kowane dangi ba a rasa yaro ɗaya mai son taɓa na'ura. Ku haɗa su biyun, ku ba su yini guda. Wanda ba shi da kwamfutar ma, ya fara da abin da ke hannunsa: yau da daddare ya ɗauki hoton takardun gidansa, gaba da baya, ya tura wa ɗan uwa amintacce da ke wata ƙasa. In kuma akwai tsohuwa a gidan, a ajiye mata waya a gabanta tun tana iya ba da labari. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.