Kujerar da ba kowa a kan lilo

Mai kula da lilo ba ya danna maɓalli sai ya ƙirga kawuna. Duk wanda ya taɓa kai yara wurin wasa a ranar da ba ta sallah ba ya ga haka. Yara biyar sun hau, an ɗaura musu bel, sun riƙe ƙarfe da hannu bibbiyu suna jiran a tashi, shi kuwa saurayin da ke tsaye gaban akwatin wuta idonsa na can bakin ƙofa. Uwa ta gaji ta ce, "Malam, a tayar musu mana, rana na dukansu." Ya ce, "Hajiya, a ƙara haƙuri, ko uku ne su ƙaru." Umarnin da maigidansa ya ba shi ke nan, maigidan kuma yana da hujja.

Wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran mota ta cika ya san hujjar. Man da za ta sha daga Kano zuwa Zariya kusan ɗaya ne, ko fasinja biyu ta ɗauka ko maƙil take. Lilo ma wutar da zai ja don ya zaga da yaro biyar ba ta da wani nisa da wadda zai ja don ashirin. Janareta na ruri ko lilon na juyawa ko yana tsaye, albashin saurayin nan kuma ba ya raguwa don yau kasuwa ta yi sanyi. Kujerar da ta zaga ba kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe. A kan wannan kujera aka gina kusan duk dabarun sana'ar, daga ɗan wurin wasan unguwa har zuwa manyan wuraren da ake hawa jirgi a je gani a Amurka.

Ranar sallah kuma sai lissafin ya juya. Kai ba ya buƙatar ƙirgawa, layi ya kai bakin katanga, yara sun zo da kuɗin barka da sallah a aljihun sabon ɗinki. A ranar, abin da ke ƙaranci shi ne minti. A ce lilo mai kujera 24 ne, yana juyi na minti 3. Idan saukar da waɗanda suka gama, da hawar da sababbi, da duba bel ɗin kowa ya ci minti 4, zai yi zagaye 8 a awa, wato yara 192. Idan aka samu mutum na biyu yana karɓar tikiti tun a layi, aka kuma buɗe ƙofar fita dabam da ta shiga, har aka mayar da mintin nan 4 zuwa 2, sai ya yi zagaye 12, yara 288. Inji ɗaya, man gas ɗaya, amma cinikin ya ƙaru da rabi. Shi ya sa ake ganin wasu masu lilo na gajarta juyin ranar sallah, yaro bai gama dariya ba an tsayar. Wannan ita ce hanya mai arha ta ƙara yawan zagaye, kuma ita ce mafi muni, domin daga abin da yaro ya biya aka gutsura. Hanya mai kyau ita ce a gyara yadda ake hawa da sauka.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. A Disneyland, gidan fatalwar da aka buɗe a 1969 kujerunsa ba kasafai suke tsayawa ba. A jere suke tafiya a hankali, mutum ya taka wani dandamali mai tafiya daidai da saurinsu, ya zauna. A wasu wuraren hawa kuma akwai ma'aikacin da aikinsa kawai ya tambayi kowane ayari su nawa ne, ya rarraba su a layuka kafin jirgi ya iso. Akwai ma layi na musamman na wanda ya zo shi kaɗai, don a cike da shi gurbin da iyali mai mutum uku suka bari a kujerar mutum huɗu.

Maganar tikiti ita ta fi tayar da jijiyar wuya. A wurarenmu galibi biya biyu ne: kuɗin ƙofa, sannan kuɗin kowane abin hawa. Uba ya biya wa mutum bakwai a ƙofa, ya shiga yana ganin ya gama, sai ya tarar jirgin ƙasa na yara da kuɗinsa, motocin karo da nasu, dawakin juyi da nasu. Daga nan sai ciniki tsakaninsa da 'ya'yansa. "Baba, sau ɗaya kawai." "Kowa ya zaɓi biyu, daga nan sai gida." Na sha jin iyaye na kiran wannan tsari da wayo, har ana cewa a ƙasar waje ba haka ake ba.

Da haka aka fara a can ma. Lokacin da aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a watan Yulin 1955, babba dala 1 yake biya a ƙofa, sannan ya biya wa kowane abin hawa dabam. Kafin shekarar ta ƙare suka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa A, B da C. Aka ƙara D a 1956, aka ƙara E a 1959, shekarar da aka buɗe jirgin hawa da gangara na dutsen Matterhorn. Tikitin A na ƙananan abubuwa ne kamar keken doki, E kuwa na manyan da kowa ke rububi. Hikimar littafin ita ce yana raba jama'a. Tunda E 'yan kaɗan ne a ciki, in sun ƙare dole ka waiwayi ƙananan, kujerunsu su samu mai zama, layin manyan kuma ya ragu. Sai a 1982 suka bar wannan tsari suka koma biya ɗaya a ƙofa, ka hau abin da ka ga dama. Wurin wasan Six Flags na jihar Tekzas ya riga su, da biya ɗaya ya buɗe tun 1961. Kuma har yau ba kowa ya bi ba. Lambun Tivoli na birnin Kofanhegan, wanda ke aiki tun 1843, kuɗin shiga dabam ne da na hawa. Knoebels a jihar Fensilbeniya kuwa shiga kyauta ne, in ka so ka biya wa abin da ka hau kaɗai.

A ganina biya biyun nan ya fi dacewa da yadda muke fita. Mu ayari muke zuwa: ga kaka, ga mai goyo, ga yayar da aka haɗo don ta riƙe ƙanne. Rabin ayarin ba za su hau komai ba. In aka ce kowa ya biya kuɗin hawa duka tun daga ƙofa, kaka za ta zauna a gida, wataƙila ma fitar ta fasa. Abin da ke ɓata tsarin a wurinmu shi ne ɓoye farashi. Da a ce akwai allo a waje, kafin ƙofa, da ya jera kuɗin kowane abu, da uba ya yi lissafinsa tun yana kan titi, ba sai ya shiga ya tsaya yana laluben aljihu a gaban 'ya'yansa ba. Wannan kunyar ce mutane ke tafiya da ita gida, ita ce kuma ke hana su dawowa.

Biya ɗaya ma yana da nasa haƙƙin da yake karɓa. In hawa ya zama ba iyaka, kowa babban jirgin zai nufa, sai layi ya zama shi ne kuɗin. Disney ta kawo FastPass a 1999, wata 'yar takarda ta kyauta da ke ba ka lokacin da za ka dawo ka hau ba tare da dogon jira ba. A 2016 ta fara bambanta kuɗin tikitin kwana ɗaya gwargwadon cunkoson ranar. A 2021 kuma aka soke FastPass ɗin kyautar, tsallake layi ya koma na kuɗi. Kuɗin ƙofar ma ya yi nisa: wurin wasanta na Magic Kingdom da ke Fulorida ya buɗe a 1971 da dala 3.50, ban da kuɗin hawa, a 2015 kuwa tikitin kwana ɗaya ya haura dala 100.

Bambanta farashi da rana bai dame ni ba. Mai wurin wasa a arewa kwana nawa yake ciniki na gaske a shekara? Ranakun ƙaramar sallah, ranakun babbar sallah, hutun ƙarshen shekara, sai yammacin Juma'a zuwa Lahadi. Watan azumi da rana shiru ne. Damina, hadari ɗaya kan kori yini guda. Daga waɗannan 'yan kwanaki zai fitar da hayar fili da albashin wata goma sha biyu. In ya ɗan ƙara ranar sallah, ya kuma sauke sosai ranar Talata har makarantun firamare da na islamiyya su iya kawo ɗalibansu, ya yi adalci, ya kuma cike kujerun da da iska za su ɗauka. Sayar da layi ne ba na so mu koya. Yaron da ya yi minti arba'in a rana yana riƙe da tikitinsa, ya ga an buɗe wa sa'ansa wata ƙofa ta gefe don babansa ya ƙara kuɗi, ya fahimci abin da ya faru sarai, ba sai an yi masa bayani ba. Wurin wasa na cikin 'yan wuraren da ɗan mai kuɗi da ɗan mai ƙaramin ƙarfi ke tsayawa a sahu ɗaya, kuma ina so a bar musu shi haka.

Kuɗin da ke fita kuwa, babbansu wuta ce. Tun 2022 man gas ya yi tashin gwauron zabi, a watan Afrilun 2024 kuma aka mayar da kuɗin wutar masu rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Lilo ba ya jure ɗaukewar wuta a tsakiyar juyi da yara a sama, don haka mai hankali kan kunna janareta ranar cunkoso ko da akwai wutar nepa. Injinan daga waje ake kawo su, kayan gyaransu ma haka, da dala ake saye, darajar naira kuma kowa ya ga yadda ta faɗi tun 2023. Wannan ne ya sa gurguru da askirim da lemo suka fi tsada a ciki, ya kuma sa wasu wuraren ke hana shiga da abinci. Ribar da ba ta fito daga lilo ba, a bakin kantin ake nemo ta.

Akwai wani kuɗin da mai ziyara ba ya gani, kuma shi na fi damuwa da shi. Shi ne kuɗin mutumin da ke zuwa da sassafe da sifana da gwangwanin giris, ya bi noti ɗaya bayan ɗaya, ya ja kowane bel ya ga ko ya fara tsinkewa, ya leƙa ƙarƙashin kujera inda walda ke tsagewa, ya tayar da lilon ba kowa ya kasa kunne ya ji ko ƙararsa ta sauya. Ƙurar hunturu na shiga cikin boris ta haɗu da mai ta riƙa cin ƙarfe. Ruwan damina na kwanciya a cikin bututu ya yi tsatsa daga ciki, waje kuwa fenti na sheƙi. In kasuwa ta yi tsanani, albashin wannan mutum da kayan da yake cewa a sauya su ne suka fi sauƙin yankewa, domin in an rage fitilu kowa zai gani, in an bar boris ya ƙara wata shida ba mai sani. Fenti kuwa ana shafa sabo kafin kowace sallah.

Ko inda ake da kuɗi da na'ura, abin na iya ƙwacewa. Manyan jiragen hawa da gangara ana raba hanyarsu gida-gida, kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga wani gida sai na gabansa ya fita. A watan Yunin 2015, a wurin wasan Alton Towers da ke Ingila, wani jirgin gwaji da ba kowa a ciki ya maƙale a tsakiyar hanya. Kwamfuta ta tsayar da komai, kamar yadda aka gina ta ta yi. Ma'aikata suka ɗauka kuskure ne, suka sake ta da hannu, jirgi mai mutum 16 ya je ya daki wanda ke tsaye. 'Yan mata biyu kowace ta rasa ƙafa. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5, ta kuma ɗora laifin a kan rashin kyakkyawan tsari da horo daga sama. Duk mai tsaye a gaban maɓalli ya kamata ya san yana da ikon cewa a tsaya, ya kuma san maigidansa zai goya masa baya ko layi ya kai ina.

A Jamus, kafin a buɗe bikin Oktoberfest na birnin Munik, injiniyoyin kamfanin bincike na TÜV kan bi abubuwan hawa ɗaya bayan ɗaya su duba. A Biritaniya ma ana duba kowane inji sau ɗaya a shekara a ba shi takarda. Abin da nake roƙo a nan bai kai haka tsada ba. Gwamnatin jiha ta tura injiniya makonni biyu kafin kowace sallah, ya duba, ya sa hannu, a liƙa takardar a jikin lilon kusa da farashi, da kwanan wata da sunan wanda ya duba. Injin da bai ci jarrabawa ba a sa masa kwaɗo har sai an gyara. Kuɗin binciken kuma a zuba shi cikin tikiti a fili, a rubuta nawa ne, iyaye su san abin da suka biya.