Saniyar da ba ta taɓa huɗa ba

Mu da muka tashi a Ƙofar Na'isa tun kafin a rushe tsohuwar ƙofar ƙasa don faɗaɗa titi, shanu ba baƙinmu ba ne. Ga Hauren Shanu nan kusa, ga garken da ake korowa ta gindin ganuwa da yamma, ƙura ta tashi har sai mai ƙosai ta rufe kaskonta da faifai. Tun a lokacin mun san Bafulatani zai sayar maka da sa, zai rabu da tsohuwar saniya, amma in ka taya karsana sai ya kau da kai. Ita ce garken gobe.

A makarantar allo ma akwai saniya: surar Baƙara ce ƙarshen hawa, tunda daga ƙasa muke tasowa. Labarinta kuwa a tafsirin azumi muka fara jinsa: Banu Isra'ila sun yi ta ja wa Annabi Musa rai da tambayoyi, har aka ƙuntata musu da saniya fatsi, tsaka-tsakin shekaru, marar aibi, wadda ba ta huɗa ba ta ban ruwa. Mu yara gardamar ce ke ba mu dariya.

Sai da na fara aiki wani abokin zamana Kirista, Bahaushe ɗan ƙasar Katsina, ya buɗe mini Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. "Malam, duba nan," in ji shi. A sura ta 19 ta Littafin Ƙidaya ga jar karsana marar tabo, wadda ba a taɓa ɗora wa karkiya ba. A bayan zango ake yanka ta, a ƙone ta ƙurmus, a haɗa tokar da ruwa, a yayyafa wa wanda ya taɓa gawa a rana ta uku da ta bakwai. Abin da ya ɗaure mini kai, wanda ya ƙone ta shi kansa ba shi da tsarki sai yamma. A Maimaitawar Shari'a sura ta 21 kuma, in an tsinci gawa ba a san makashi ba, dattawan gari mafi kusa ne za su karya wuyan karsana a kwari, su wanke hannu a kanta. Kiristoci, in ji shi, suna bin Littafin Ibraniyawa sura ta 9, su ɗauki tokar jar karsanar a matsayin ishara ga Almasihu.

Ni dai ta fuskar makiyayi na fahimci sharaɗin rashin ɗora mata karkiya. Dabbar da ba ta yi wa kowa bauta ba, ba ta ba da nono ba, duk ribarta na gaba. Wanda ya bayar da ita bai ci komai a jikinta ba.

Malaman Yahudu sun ce jajayen karsana tara kacal aka ƙone daga zamanin Annabi Musa zuwa rushewar Haikalinsu a shekara ta 70 Miladiyya. A 2022 har daga Texas ta Amurka aka kai jajayen karsana biyar Isra'ila, ana bin gashinsu da ido, domin sili biyu baƙaƙe sun isa su ɓata lamarin.