Abin Da Mutum Ke Binnewa

Muna yara a ƙauyenmu na Jazira a Sudan, idan manya sun tafi hawasha, wato gona, tsinkar auduga, mu kuma sai bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, mu kwaɓa yumɓu mu gina shanu masu tozo. Ba wanda ya taɓa hana mu. Ranar da na gina kan mutum, har da tsagar kakata a kumatu, malaminmu na allo ya take shi da dunduniya, ya ce gunki ne. Da na kai ƙara, tsohuwar dariya ta yi, ta ce, "Angona, ai gara da ya fasa, ka ƙara mini hanci." Daga nan na bar taɓa yumɓu.

Sai a 2018, ina aiki a wani gidan burodi a Khartum tare da wani ɗan Siriya da yaƙi ya koro, ya nuna mini ayyukan Asim al-Basha a wayarsa. An haifi mutumin a Ajantina a 1948, ya yi karatu a Mosko, ya kafa wurin aikinsa a Yabrud, arewa da Dimashƙu. Mutane yake ƙerawa, musamman kawuna: fuskoki masu nauyi, ba sulɓi, sai ka ce gajiya ce ta daskare a kansu. Abokina ya ce da yaƙi ya matso, al-Basha ya haƙa rami ya binne ayyukansa, ya koma Garnada ta ƙasar Sifen.

Na yi tsaki. Na ce ana kashe mutane, shi kuma ta gumakansa yake yi? Bai ce mini komai ba, ya ci gaba da murza kwaɓinsa.

A Disamba 2023 yaƙin Sudan ya ci Wad Madani, babban birnin Jazira. Daren da za mu gudu, ban nemi talabijin ba, ban nemi injin ban-ruwa ba. Allon kakana na ɗauko, da takardun ajami da iyayensa suka taho da su daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, a ƙaurar da ta haifi garin Mai Wurno. Na naɗe takardun a leda, na zura a tulu, na haƙa bayan rumbu na binne shi tare da allon. Ina mai da ƙasa, tsakin nan nawa ya dawo mini a kunne, kunya ta kama ni. Ashe wanda bai taɓa rufe ƙofar gidansa ba tare da sanin ranar dawowa ba, bai kamata ya yi wa mai gudu lissafin kaya ba.

Hukuncin mutum-mutumi na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Amma na daina raina al-Basha. A 2013 an sare kan mutum-mutumin mawaƙi Abul Ala'i al-Ma'arri a garinsu a Siriya. Al-Basha ya zuba wani kan da tagulla, aka kafa shi kusa da Faris a 2023.

Mun koma gida a 2025. Gara ta ci gefe guda na allon, takardun kuwa ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba.