Muryar ta ce, to amma sunan wa ke jikin faifan?

A CIKIN matasan editocin da ke aiki a Titin Gidan Zoo, Kano, akwai wani da abokan aikin sa ke yi wa tsiya da sunan "shugaban ƙungiyar zabiyoyi". Dalili kuwa shi ne duk wanda ya ari wayar sa don ya tura waƙa, to kusan muryar mata zalla zai tarar a memori ɗin. Shi ko a jikin sa. Abin da ke ɓata masa rai ɗaya ne, ya ga mutum ya kunna albam ya na tsallake waƙoƙi, ya ɗanɗani wannan ya ɗanɗani waccan kamar mai taya gyaɗa a tasha.

Shi idan ya samu sabon albam, sai ya ajiye shi har dare, lokacin da ya gama yanka ya bar kwamfuta ta na haɗa aikin. A nan zai toshe kunnuwa ya ji daga waƙar farko har ta ƙarshe. A ganin sa, jerin waƙoƙi a albam daidai ya ke da jerin sin-sin a fim, wanda ya jera su da dalilin sa. Ɗabi'ar ta samo asali ne tun ya na yaro a ɗakin mahaifiyar sa, inda kaset ɗin Barmani Choge da na waƙoƙin Indiya na Lata Mangeshkar ke juyawa daga wannan gefe zuwa wancan. Tsallake waƙa a kaset cin batir ne, don haka dole mutum ya haƙura ya ji duka.

A faya-fayan 'yan shekarun nan, biyu ya fi yawan jawo musu a kan su, kuma mako ɗaya ne tsakanin fitowar su. Na Ayra Starr, The Year I Turned 21, ya fito ƙarshen Mayu 2024, na Tems kuma, Born in the Wild, farkon Yuni. Yawancin abokan sa 'yan Tems ne, musamman da waƙar ta Love Me JeJe ta ci kyautar Grammy a 2025. Shi ma bai raina ta ba. Ya yarda muryar ta na da nauyi, kuma ya na girmama ta saboda da hannun ta a haɗa kiɗan wasu waƙoƙin. Sai dai kunnen edita ne da shi. Waƙoƙi 18 sun yi yawa, inji shi, tsakiyar faifan ya kwanta kamar fim ɗin da aka ja shi dole sai ya kai na uku da na huɗu. Da shi aka ba almakashi, da huɗu sun tafi. Ita kan ta Love Me JeJe ɗin, ya kan tuna wa masu zumuɗi cewa a kan waƙar Seyi Sodimu ta 1997 aka gina ta.

Na Ayra Starr ya fi kwanta masa. Ba don Commas da kowa ke bi ba, a'a, don waƙar da ke dab da ƙarshen faifan, The Kids Are Alright, wadda ta yi wa mahaifin ta marigayi, har aka saka muryoyin 'yan gidan su a ciki. Ya ce wanda ya ji ta ita kaɗai a TikTok bai ji komai ba. Sai ka bi yarinyar tun daga farko, ka ji ta na cika baki, ta na soyayya, ta na lissafin kuɗi, sannan a ƙarshe ka gane ashe marainiya ce ke ta wannan ƙarfin hali. Faifan Tiwa Savage na 2025, This One Is Personal, har yanzu bai yanke masa hukunci ba.

Amma wanda ya fi daɗewa a wayar sa ba daga Legas ya fito ba. Timbuktu ne, na Oumou Sangaré ta Mali, wanda ya fito a 2022. Ta tsara shi ne a Baltimore ta Amurka, inda kullen korona ya rutsa da ita. Editan ba ya jin Bambaranci ko na gaisuwa, to amma yadda ta ke jan baiti 'yan amshi su na karɓa ya na mayar da shi ɗakin tsohuwar sa. Wani abu da ke burge shi game da ita: ta na da shekara 21 ta ɗauki faifan ta na farko a Abijan a 1989, ta sa masa suna Moussolou, wato "Mata", ta na magana kan auren dole da halin da matan ƙasar ta ke ciki. Ga sunan ta ga hoton ta a jikin kaset. Haka ma 'yan matan nan Buzaye na Nijar, Les Filles de Illighadad, da Fatou Seidi Ghali ke jagoranta. Daga wani ƙauye a yankin Abalak su ka fito, su na haɗa jita da tende, wato turmin da aka rufe da fatar akuya, kuma faifan su Eghass Malan na 2017 ya kai su Turai da Amurka. Ya kan ce tsakanin tende da ƙwaryar Barmani ai tazarar ba ta da yawa.

To a nan ne hirar ke daina daɗi. A wayar akwai wuri na musamman da ya ware wa waƙoƙin Hausa, kuma ya fi ko'ina cika. Maryam A. Baba Sangandale, Fantimoti, Zuwaira Isma'il, Murja Baba, Hairat Abdullahi, duk su na nan. Amma ka duba sunayen da masu tura waƙa su ka rubuta a kai, mafi yawa sunan namijin da aka yi waƙar tare da shi ne, ko sunan fim, ko ma na jarumar da ta bi waƙar da baki a allo. Shi da kan sa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya na gyarawa, don ya na gane muryoyin.

Ya san yadda abin ke faruwa tunda a gaban sa ake yi. Furodusa ya ba mawaƙi aiki, mawaƙi ya rubuta baitocin namiji da na mace, mai fiyano ya buga kiɗa, sannan a buga wa zabiya waya ta zo ta ɗora murya. A sallame ta a ranar, ta hau adaidaita ta tafi. Idan waƙar ta tashi, mawaƙin za a gayyata biki, jarumar kuma a manna hoton ta a bayan mota. Irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun saba wa masu saurare da albam mai ɗauke da sunan su, kuma ba laifi ba ne, guminsu ne. Sai dai matan da su ka tsaya da ƙafar su kamar Fati Nijar, wadda Girma Girma ta zama tata ba ta wani ba, ba su da yawa.

Ogan sa ba ya ganin abin haka. "Kai yaro, wa ke sayen albam yanzu? Ƙofar Wambai ta mutu. Waƙa ɗaya ake saki, a yanki daƙiƙa talatin a yi rawa da ita, shikenan." Editan ba ya musun cewa kasuwar faifai ta rushe. Amsar sa ita ce: "To Oga, su mazan me ya sa ba su daina ba?"

Akwai wata yarinya da ke ɗora murya a situdiyon da ke kusa da nasu. Wasu daga waƙoƙin da ake kunnawa a gidajen biki muryar ta ce, amma ko maƙwabtan su ba su sani ba. Ashe ta na rubutu. Waƙoƙi shida ta yi da kuɗin ta, a ranakun da situdiyo ba kowa, ba ko namiji ɗaya a ciki, ta kawo masa ya ji. Ya ji su a jere har sau uku, ya ce ta mayar da ta biyar ta zama ta farko, ta ƙara biyu, ta sake su da sunan ta.

"Yaya, ai a gida ba su san na yi ba," ta ce masa. "Kuma shi wanda zan aura ya ce amshi ma daga Sallah na gama."

An sa bikin ta bayan Babbar Sallah. Waƙoƙin shida na nan cikin kwamfutar editan, ta ce kada ya tura wa kowa sai ta yi magana da yayar mahaifin ta, wadda ita ce ake jin maganar ta a gidan.