Lasifikar Maƙwabcinmu

A unguwarmu ta Sabonjida, cikin Tamale, akwai wani gidan abinci da tuwon zafinsa ba shi da na biyu, sai dai lasifikarsa ba ta yin shiru sai ƙarfe ɗayan dare. Ba kiɗa muke ƙi ba. Garin makaɗan Dagomba muke, inda kalangu ke karanto asalin sarakuna, ya kuma san lokacin tsayawa.

Da muka tura dattawa uku su roƙi sassauci, manajan ko miƙewa bai yi ba, a garin da yaro ke durƙusa wa babba yana amsa "Naa". Cewa ya yi mai son barci ya koma ƙauye. Wata biyu ke nan muna wuce ƙofarsa da kwanukanmu, mu nufi Aboabo.